Wa Ya Kamata Ya Tantance Talaka: Ma'aikacin Gwamnati Ko Ɗan Kwangila?

Duk ƙasar da ta yi niyyar tallafa wa talakawanta, tilas ne ta fara amsa wata tambaya kafin ta fitar da ko sisin kwabo, wato wane ne ya cancanci tallafin, kuma wa zai ce ya cancanta? Tsakanin mai jin yunwa da taimakon gwamnati akwai ƙofa, a bakin ƙofar kuma akwai mai gadi wanda zai duba takardu, ya yi tambayoyi, sannan ya ce a shiga ko a koma. Kusan shekara 30 ke nan ana kai ruwa rana a Amurka a kan wannan mai gadi. Wasu gwamnoni da 'yan majalisa suna son a cefanar da aikin ga kamfanoni masu zaman kansu, ƙungiyoyin ƙwadago kuma sun kafe a kan cewa ba za ta saɓu ba. Na ga ya dace mu yi nazarin wannan rikici a tsanake, domin ya sake tasowa, kuma akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

Da farko, ya kamata mai karatu ya san irin tallafin da ake magana a kai. Akwai shirin tallafin abinci da ake kira SNAP, wanda a 2024 yake ciyar da mutum kimanin miliyan 42. Akwai Medicaid, wato shirin biya wa marasa ƙarfi kuɗin asibiti, wanda a 2024 ya ɗauki mutum fiye da miliyan 70. Sai kuma TANF, tallafin kuɗi ga iyalai masu ƙananan yara. Gwamnatin tarayya ce ke kafa ƙa'idoji da zuba mafi yawan kuɗin, amma jihohi ne ke aikin tantancewa. Ma'aikacin jiha zai duba yawan mutanen gida, da abin da suke samu, da kuɗin haya, da larurar jiki idan akwai, ya lissafa abin da ya kamata a ba su. Doka ta ba shi kwana 30 ya yanke hukunci a kan neman tallafin abinci, ko kwana 7 idan gidan ya riga ya shiga halin ni-'yasu.

Tun 1939 majalisar Amurka ta shardanta cewa ma'aikatan jihohi da ke gudanar da shirye-shiryen tallafi na tarayya su zama waɗanda aka ɗauka bisa cancanta, ba 'yan korar wani ɗan siyasa ba. Dalilin a bayyane yake. An lura cewa idan aka bar rabon tallafi a hannun wanda ubangidansa ya dasa, to tallafin zai zama ladan ƙuri'a. Wannan sharaɗi ya shiga dokar tallafin abinci, kuma shi ne katangar da ƙungiyoyin ƙwadago suke jingina da ita. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar garambawul ga tallafin kuɗi, wadda ta haifar da TANF, ta kuma ba jihohi damar miƙa aikin tantance masu wannan tallafi ga kamfanoni. Sai dai ba ta taɓa tallafin abinci da Medicaid ba. Tun daga lokacin ake ta ƙoƙarin fasa sauran katangar.

Jihar Texas ce ta fara gwada sa'arta. A zamanin Gwamna George W. Bush ta shirya ba da kwangilar tantance masu neman tallafi gaba ɗaya, manyan kamfanoni irin su Lockheed Martin da EDS suka yi layi. Ƙungiyoyin ƙwadago, musamman AFSCME ta ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi da CWA wadda ƙungiyar ma'aikatan jihar Texas ke ƙarƙashinta, suka matsa wa fadar shugaban ƙasa lamba, a 1997 gwamnatin Clinton ta ƙi ba da izni. Amma masu son cefanarwa ba su haƙura ba. A 2003 majalisar jihar ta yi dokar da ta buɗe hanya, a 2005 kuma aka ƙulla kwangilar dala miliyan 899 ta shekara 5 da wani rukunin kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Accenture. An yi wa jama'a alkawarin tsimin dala miliyan 646. Shirin shi ne a rufe ofisoshi 99, a rage ma'aikata 2,900, a maye gurbinsu da cibiyoyin amsa waya da intanet. Don kauce wa doka, sai aka bar sa hannun ƙarshe ga ma'aikacin gwamnati, kamfani kuma ya riƙe karɓar takardu da haɗa bayanai.

Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Da ma'aikata suka ji ana shirin sallamarsu, ƙwararrun cikinsu ba su jira wa'adi ba, suka nemi wani aiki suka yi gaba. A watan Janairun 2006 aka fara gwaji a gundumomin Travis da Hays, nan da nan koke-koke suka yi yawa: ana buga waya ba a ɗauka, ana ba mutane bayanin da ba daidai ba, takardu suna ɓata. Har ta kai an gano cewa wasu takardun da masu neman tallafi suka aika ta na'urar faks, ɗauke da sirrinsu na lafiya da na kuɗi, suna sauka ne a wani ɗakin ajiyar kaya a birnin Seattle, can wata jiha mai nisa. Yara da dama suka faɗo daga shirin inshorar lafiya. A watan Oktoba na wannan shekara babbar jami'ar kuɗin jihar, Carole Keeton Strayhorn, ta ba da shawarar a soke kwangilar, kuma a watan Maris na 2007 aka raba gari. Sai dai ƙwararrun da suka tafi ba su dawo ba, shi ya sa a 2009, lokacin da tattalin arziki ya karye, Texas ta kasa cika wa'adin kwana 30 ga dubban iyalai, har aka maka ta a kotu.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jihar Indiana ba ta shafa ba. A daidai lokacin da kwangilar Texas ke tangal-tangal, wato watan Disamba na 2006, Gwamna Mitch Daniels ya sa hannu a kwangilar shekara 10 ta fiye da dala biliyan 1 da wani rukuni ƙarƙashin IBM. Babban abokin aikin IBM a kwangilar shi ne kamfanin ACS, kuma shugaban ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jihar a lokacin, Mitch Roob, tsohon jami'in ACS ne. Akwai wani abu kuma da bai kamata ya wuce mu ba. A kwanakin farko na hawansa mulki, cikin Janairun 2005, Daniels ya soke haƙƙin ma'aikatan jihar na zama teburin ciniki da gwamnati a ƙungiyance. Wato sai da aka ɗaure bakin mai kuka kafin a ɗauko wuƙa. A 2007 aka mayar da ma'aikata kimanin 1,500 hannun kamfanoni.

Canjin da aka yi a Indiana ya wuce na ubangida kawai. A da, kowane ma'aikaci yana da iyalan da yake kula da su, ya san su, sun san shi. Sabon tsari ya yayyanka aikin gunduwa-gunduwa, ta yadda wani ke amsa waya, wani ke ɗaukar hoton takarda, wani ke shigar da ita kwamfuta, babu mutum ɗaya da zai ce wannan gida nawa ne. Gwamnati ta ce da gangan ta yi haka, domin sabo tsakanin ma'aikaci da mai neman tallafi yana buɗe ƙofar maguɗi. Tsarin ya kai gundumomi 59 cikin 92 kafin a taka masa birki. Malama Virginia Eubanks, a littafinta Automating Inequality na 2018, ta nuna cewa tsakanin 2006 da 2008 jihar ta ƙi amincewa da buƙatun tallafi fiye da miliyan 1, ƙarin kashi 54 cikin 100 a kan shekaru 3 da suka gabata. A watan Oktoba na 2009 Daniels da kansa ya soke kwangilar IBM. Jiha da kamfani suka kai juna ƙara. Alƙalin farko, a hukuncinsa na 2012, ya nuna cewa babu wanda ya cancanci nasara a cikinsu. Sai a 2019 Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da cewa IBM zai biya Indiana kimanin dala miliyan 78. Shari'a ta ci kusan shekara 10, amma waɗanda aka yanke wa abinci da magani ba su cikin masu karɓar wannan diyya.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan labari shi ne kalmomin da aka yi aiki da su, domin kafin a sauya tsari sai an fara sauya suna. A Indiana ba a kira shirin cefanarwa ba, an kira shi zamanantarwa. Wanda duk ya soki zamanantarwa kuwa, ya zama ɗan gargajiya mai gudun ci gaba tun kafin a saurari hujjarsa. Haka kuma a irin waɗannan tsare-tsare, musamman a Birtaniya, akan kira mai neman tallafi abokin ciniki. Abokin ciniki shi ne wanda idan bai gamsu da wannan rumfa ba zai matsa ta gaba. To, wace rumfa matar da 'ya'yanta suka kwana da yunwa za ta matsa? Ofishi ɗaya ne, lambar waya ɗaya ce. Ita ba ciniki ta zo yi ba, haƙƙin da doka ta ba ta ta zo karɓa.

Kalma ta uku ita ce ta fi muni. Dalilin da aka riƙa rubuta wa mutane a takardar hana su tallafi shi ne rashin ba da haɗin kai, galibi ba tare da an faɗa musu takardar da ta rage ba. Mu duba yadda aka gina wannan jimla. Bahaushe ya san bambancin "na fasa tulu" da "tulu ya fashe". A jimla ta farko akwai mai laifi, a ta biyu kuwa an ɓoye shi. Idan takarda ta salwanta a hannun kamfani, sai a ce takarda ta ɓata, babu mai aikatawa. Amma idan aka zo rubuta hukunci, sai mai aikatawa ya bayyana, kuma shi ne talaka: ya ƙi ba da haɗin kai. Wanda yake kwance a asibiti lokacin da aka buga masa waya, da kurman da aka ce a yi masa tambayoyi ta waya, da wanda ya aika takarda sau uku ba ta isa ba, duk sun faɗa cikin wannan suna ɗaya. Nahawu ya ɗauke laifi daga kan mai ƙarfi ya ɗora wa marar ƙarfi.

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Tsohon tsarin Indiana yana da jinkiri da kurakurai, an kuma taɓa kama ma'aikata da hannu a cikin zamba. Mutumin da ke aikin yini ba ya son ya bar aikinsa ya je ya zauna a benci awa huɗu, waya ko intanet sun fi masa sauƙi. Jihohi da yawa suna fama da ƙarancin ma'aikata, ɗaukar sabo da horar da shi kuma yakan ci watanni. Sannan ita ma gwamnati ba ta kuɓuta daga kuskure ba. Bayan annobar korona, lokacin da jihohi suka koma sake tantance masu Medicaid a 2023 da 2024, an cire mutum fiye da miliyan 25, kuma kusan kashi 7 cikin 10 nasu an cire su ne saboda matsalar takardu, ba don an tabbatar ba su cancanta ba. A jihohi da dama ma'aikatan gwamnati ne suka yi wannan aiki. Masu son cefanarwa suna ƙarawa da cewa ƙungiyoyin ƙwadago tuwonsu suke karewa, domin duk kujerar da ta koma hannun kamfani, ɗan ƙungiya ɗaya ne ya ragu, kuɗin ƙungiya ma ya ragu.

Wannan zargi na ƙarshe gaskiya ne, kuma ban ga dalilin musanta shi ba. Ƙungiyar ƙwadago don kare 'ya'yanta aka kafa ta. Amma samun amfani a cikin magana ba ya mayar da ita ƙarya. Kamfanin da ke neman kwangila shi ma tuwonsa yake nema, saboda haka abin tambaya shi ne, tuwon wa ya fi dacewa da na talaka? Ma'aikacin dindindin yana son a ƙara yawan ma'aikata, a rage masa lodin fayil, a horar da shi, a bar shi ya daɗe a kan aiki, kuma duk waɗannan suna amfanar mai neman tallafi. Kamfani kuwa ribarsa ita ce abin da ya rage tsakanin kuɗin kwangila da abin da ya kashe, babban abin kashewa a wannan aiki kuma shi ne albashi. Hanyar riba ke nan ita ce a rage ma'aikata, a ɗauki masu araha, a gajarta lokacin waya. Ba sai shugabannin kamfani sun zama mugaye ba kafin haka ta faru, lissafi ne kawai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hujja ta biyu ita ce ta tuhuma. A 1970, a shari'ar Goldberg da Kelly, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba za a yanke wa mutum tallafi ba sai an ba shi damar kare kansa. Wannan haƙƙi yana aiki ne idan akwai wanda za a tuhuma da kuma bayanan da za a duba. Ma'aikacin gwamnati yana ƙarƙashin majalisa da dokar bayyana bayanai, kuma tsarin aikinsa yana ba shi kariyar da zai iya fitowa ya ce ana ɓarna ba tare da an kore shi washegari ba. A Texas doka ta hana ma'aikatan jiha yajin aiki da cinikin albashi a ƙungiyance, don haka makamin ƙungiyarsu shi ne shaida a gaban majalisa da gangami a birnin Austin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aiki ya koma hannun kamfani, da ƙaramin kamfanin da ya karɓa daga hannunsa, sai alhaki ya narke. Gwamnati ta nuna kamfani, kamfani ya nuna kwamfuta.

Masu cefanarwa sukan ce ai sa hannun ƙarshe yana wurin ma'aikacin gwamnati. Abin da ya faru a Birtaniya ya isa amsa. Daga 2008 kamfanin Atos ne ke gwada masu larura don a ga ko za su iya aiki, jami'in gwamnati kuma ya yanke hukunci bisa rahoton kamfanin. Ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta PCS da ƙungiyoyin masu larura suka yi ta ƙorafi, kotunan ɗaukaka ƙara suka yi ta rushe hukunce-hukunce, har a 2014 Atos ya amince ya fice kafin wa'adinsa, Maximus ya karɓa a 2015. Wanda ya haɗa fayil shi ne ya yanke hukunci a zahiri. Mai sa hannu abin da aka ajiye a gabansa kawai yake gani.

Me ya sa batun ya sake tasowa? A 2018 Majalisar Wakilan Amurka ta sa damar ɗaukar 'yan kwangila a cikin ƙudurin dokar noma, wadda tallafin abinci ke ƙarƙashinta, amma aka cire kafin ƙudurin ya zama doka. A 2024 kwamitin noma na majalisar ya sake shigar da ita, AFSCME ta sake yin tsaye, ƙudurin bai zama doka ba. Sai kuma ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a babbar dokar haraji da kasafi wadda ta sauya lissafin gaba ɗaya. Dokar ta ɗaga kason jihohi a kuɗin gudanar da tallafin abinci daga kashi 50 zuwa 75 cikin 100, daga Oktoban 2026. Ta faɗaɗa sharaɗin yin aiki zuwa masu shekara 64. Ta ɗora wa manya da yawa masu Medicaid sharaɗin awa 80 a wata na aiki ko karatu ko hidimar al'umma, tare da sake tantance su duk wata 6. Ta kuma tanadi cewa daga shekarar kuɗi ta 2028, jihar da kuskurenta na biya ya kai kashi 6 cikin 100 za ta ɗauki wani kaso na kuɗin abincin kansa. A taƙaice, aikin tantancewa ya ƙaru, kuɗin yinsa daga tarayya ya ragu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Gwamnan da ya shiga wannan matsi, idan kamfani ya zo masa da alkawarin araha, da wuya ya ƙi saurare.

Akwai wani tarko a cikin wannan ma'auni na kuskure. Abin da yake ƙirgawa shi ne biyan da ya wuce kima ko ya gaza ga waɗanda suke cikin shirin. Mutumin da ya cancanta aka kore shi tun daga ƙofa ba ya cikin wannan lissafi, a wani ma'auni dabam ake saka shi, wanda ba shi ne ke jawo tarar ba. Ke nan jihar da ke tsoron tara ta san cewa hanawa ta fi bayarwa aminci, kuma idan ta rubuta kwangila, wannan tsoro ne zai shiga cikin sharuɗɗanta. Inda tsari ya karkata haka, mutumin da ke da ikon tsayawa ya ce a sake duba wannan fayil ya ƙara daraja.

A nawa ra'ayin, ƙungiyoyin ƙwadago suna da gaskiya a kan jigon magana, ko da yake aikinsu bai ƙare a nan ba. Babu laifi gwamnati ta sayi kwamfuta da manhaja a wurin kamfani, ko ta ba shi aikin buga takardu. Amma ganawa da mai neman tallafi, da auna bayanansa, da yanke hukuncin ci ko rashin ci, iko ne na hukuma, daidai da ikon alƙali, kuma ba a ba da hayar alƙali. Sai dai ƙungiyar da ta tsaya a kan "ba mu yarda ba" kawai, alhali layi yana nan, waya ba a ɗauka, ita ce za ta ba abokan hamayyarta hujja. Wajibi ne ta zama ita ce kan gaba wajen neman a sauƙaƙa fom, a rubuta wasiƙu da harshen da talaka zai gane, a hukunta ɗanta idan ya ci amana.

Mu ma a nan tambayar mai gadin ƙofa ba baƙuwa ba ce. Nijeriya ta kafa rajistar marasa galihu ta ƙasa da rancen Bankin Duniya na 2016, ta kuma zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Suwizalan a tallafin naira 5,000 a wata. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku a kan sahihancin rajistar, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da shirye-shiryen tallafin don bincike. Cutarmu ta fi kama da wadda Amurka ta yi wa magani a 1939, wato tallafi ya zama ganimar siyasa. Idan amana ta yi ƙaranci haka, abu ne mai sauƙi a ce a miƙa komai ga ɗan kwangila da na'ura a huta. Kafin a yi haka, ina roƙon 'yan majalisunmu da shugabannin ƙwadagonmu su nemi amsar tambayoyi uku a rubuce: wa zai saka sunan mutum ko ya cire shi, da wane harshe za a gaya masa dalili, kuma ƙofar wa zai ƙwanƙwasa idan an zalunce shi? Texas da Indiana sun sa hannu ba tare da amsa su ba, kuma talakawansu ne suka biya kuɗin karatun.